Yadda Za Ki Hana Mijinki Harba Bindigar Kakansa da Littattafai Uku

"Mama, idan bindigar ta fashe da Baba, wa zai riƙa tura ni a lilo?"

Abril ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, ranar Lahadi ana tsakiyar cin gasasshen nama, gaban dangin ubanta kaf. Uwarta Yanina ta ƙware da burodi. Uban, Leandro, ya yi dariyar yaƙe. Kwana uku ke nan da ya sauko da bindigar marigayi kakansa daga saman kabad, mai baki biyu, tsatsa har kunama, ya rantse shi zai gyara ta da hannunsa ya harbo fakara ranar buɗe farauta a watan Mayu. Leandro direban motar madara ne. Famfon kicin da ya gyara bara har yau ɗiga yake.

Yanina maƙwabciyata ce a nan La Pampa, katanga ɗaya, kuma ni ma goyo nake, don haka na sa ido sosai. Idan kina da irin wannan miji, bi matakan nan. Na yi miki alkawari zai gama farautar bana da yatsunsa goma cif.

Mataki na 1: Kada ki hana shi

Kul! Namijin da aka ce wa "ba za ka iya ba" yakan gama aikin kafin la'asar. Ki tafa masa. Yanina cewa ta yi, "Lukutina, ai jinin maƙera ne a jikinka!" Tana faɗa tana kwashe harsasan da ke cikin aljihun tebur, ta kulle su a inda ita kaɗai ta sani. Yabo da baki, kulle da hannu, lokaci guda.

Mataki na 2: Nemo littattafan tsohon

Duk tsohon maƙerin bindiga irin Don Anselmo, kakan Leandro, ya bar littattafai, kuma duk suna gidan suruka suna wani aikin daban. Yanina ta tarar da Doña Elba, uwar Leandro, tana tsotsar mate, shayin ganye mai ɗaci da muke sha a nan, a bakin ƙofa.

"Doña Elba, ina littattafan Don Anselmo?"

"Waɗannan tubalan? Ɗaya na tare ƙofar baya kada iska ta buga. Ɗaya na danne cuku. Na ukun yana ƙarƙashin ƙafar gadona, idan kika cire zan gangaro."

"Zan kawo miki bulo."

"Bulo bai kai shi ƙarfi ba, 'yata."

Ki lura da wannan magana. Littafin da ya fi bulo ƙarfi shi kike nema. Kada ki karɓi siriri mai hotuna masu launi. Ki nemi mai baƙin bango, mai ƙananan rubutu, mai warin cuku in da hali, wanda marubucinsa ya mutu tun kafin a haifi uwarki. Mutanen wancan zamani ba sa gaggawa, kuma ba su yarda mai karatu yana da wani abin yi a duniya ba.

Mataki na 3: Raba shi da wayar ƙaninsa

Kowane miji yana da ƙane mai waya. Na Leandro sunansa Cacho, kuma ya zo da bidiyo na minti huɗu wanda wani mai gemu ya gyara bindiga da man girki.

"Ga shi nan, yaya, ka shafa, ka goge, ka harba. Karatun me? Jarrabawa za ka zauna?"

Yanina ta dire littattafan uku a tebur, dim! har cokula suka yi tsalle.

"Minti huɗu na masu bindigar kasuwa ne," in ji ta. "Jikan Don Anselmo ba ya koyo wurin mai gemu."

Leandro ya buɗe ƙirji. Shi ke nan, ya shiga tarko da ƙafarsa.

Mataki na 4: Daga shafi na farko, ba tsallake

A nan darajar tsohon littafi take. Babi na farko bai ma ambaci bindiga ba. Shafi arba'in ne a kan sukundireba: yadda za a wasa bakinta ya dace da kowace ƙusa, da irin mutumin banzan da ke murɗa ƙusa da wuƙar kicin. Leandro, wanda da wuƙar kicin ya yi niyya, ya ji kunya har kunnuwansa suka yi ja. Sati biyu ya yi yana wasa sukundireba. Guda goma sha ɗaya! Bindiga tana kwance ko kallonta bai yi ba.

Aikinki a nan shi ne ki riƙa cika masa ƙoƙon mate da ruwan zafi. Masana sun tabbatar cewa namiji mai ƙoƙo a hannu ɗaya da littafi a ɗayan ba shi da hannun ɗaukar bindiga.

Mataki na 5: Idan ya fara sauri, yi masa tambaya

"Lukuti, ƙotar nan wane irin itace ne?" Kwana huɗu. "Man da za ka shafa, na ƙarfe ne ko na itace?" Sati guda, da tafiya biyu zuwa birni.

Mataki na 6: Ke ma ki karanta, amma ki bar shi ya gano

Tambaya tana ƙarewa, Mayu kuma ba ya jira. Don haka Yanina, da rana in ya fita da motar madara, ta riƙa buɗe littafi na uku tana fere dankali. A can ta tarar da hoton bututun bindiga mai zane kamar igiyar ruwa, irin wanda ya bayyana a jikin tasu bayan an goge tsatsa. Littafin ya ce da murɗaɗɗen ƙarfe aka ƙera irinsa, don baƙin albarushin da, kuma harsashin zamani yana iya tsaga shi daidai inda hannun hagu ke riƙewa. A gefe Don Anselmo ya rubuta da fensir: "Na ga wannan da idona. Kada kowa ya kuskura." Ta saka ribbon ɗin gashin Abril a shafin ta rufe.

Asabar ɗin jajibirin farauta, sai ga Cacho da kwalin sababbin harsasai.

"Malam mai karatu, fito bayan rumbu mu ji muryarta!"

Leandro ya miƙe, ya ɗauki bindiga. Yanina ta yi maza ta ce:

"Lukuti, ɗauko min ribbon ɗin yarinyar nan, ta bar shi cikin littafinka."

Ya buɗe a tsaye. Ya karanta. Ya zauna. Ya dubi bututun, ya dubi hannunsa na hagu, ya sake duban bututun.

"Cacho, zo ka ga abin da na gano."

"Tsoro ka gano, farfesa!"

"Kai jahili ne, ɗan'uwa. Zauna." Ya karanta masa babin gaba ɗaya, har da ƙananan bayanan ƙasan shafi, Cacho yana hamma kamar zai tsage. Daga nan Leandro ya zare ƙarfen da ke dukan harsashi da ɗaya daga sukundirebobinsa, ƙusa ko ƙwarzane ba ta yi ba, ya miƙa wa Yanina, ya rataye bindigar can sama inda hannun yaro ba ya kai. Yanina ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta yi rawa ita kaɗai da ludayi.

Gargaɗi

Cacho ba ya riƙe magana. Kafin sati ya zagayo, duk gari ya ji cewa jikan Don Anselmo ya gaji ilimin. Mahauci ya kawo tasa bindigar. Mai gidan burodi ya kawo biyu. Wani tsoho ya zo a kan doki da wata naɗe cikin bargo, ya ce ta ƙi tashi tun ranar aurensa. A yau bindigogi tara ne a ɗakin wankin Yanina, cikin kabad ɗin ƙarfe, makulli yana rataye a wuyanta har wurin wanka, Leandro kuwa ya sayi tabarau yana kiran kowa jahili.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Yatsu na yi miki alkawari, ban yi miki alkawarin zaman lafiya ba. Idan mijinki ya fara karanta miki babin tsatsa kina shayar da jariri, idan baƙi suka fara sallama da dogayen abubuwa cikin bargo, babu ruwana, babu ruwan Yanina. Ki sayi kabad mai kwaɗo tun kafin ki je gidan suruka, kuma kada ki ƙwanƙwasa min ƙofa, yarana suna barci.