Makullin Duniya da Ƙofarsa ta Ƙarfe

Allah ya saka wa Malam Mijinyawa da alheri, ya taɓa ba ni ruwa na sha. Shekarar da maigidana Malam Jimrau ya rasu, bayan na fita takaba, na je biro, wato ofishin hukuma, don a soke sunansa daga haraji. Rana ta take, jiri ya ɗebe ni a bakin ƙofa. Mijinyawa, magatakardan kumandan, Bafaranshen da ke mulki a nan Dakoro, ya tashi da kansa ya ɗebo ruwan randarsa a kofin gilashi ya miƙo mini. Ban manta ba. Ko na so mantawa ma babu hali, don shi bai bar kowa ya manta ba. A kasuwa kofin nan ya zama ƙwarya. A wajen suna ya zama tulu. Kafin shekara ta zagayo, har mutanen ƙauyen Mai Yara sun ji labarin cewa daga bakin kabari ya jawo ni. Babban mutum ke nan, alherinsa ko ya bar hannunsa bai daina girma ba.

Kuma wa zai yi musun girman Mijinyawa? Shi ne mai riƙe da hatimin lasefase, takardar nan da ake ba wanda zai ƙetare zuwa ƙasar Ingilishi. Hatimin yana kwana cikin aljihun tebur, makullin aljihun yana kwana a wuyansa, a kan igiya ɗaya da layarsa. Shi ya sa gari ya raɗa masa suna Makullin Duniya. Da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba. Cewa ya yi ashe mutanen Dakoro sun fara wayewa.

Yana da kwat ta ulu da wani kumandan ya bar masa, ba ya cire ta ko da bazara. Yana da tabarau, sai dai idan karatu ya tashi yakan ɗaga shi zuwa goshi. A bayansa akwai taswirar duniya manne da bango, gara ta ci ta daga sama. Duk wanda ya zo neman takarda, kafin a tambaye shi sunansa sai ya sha wa'azi.

"Ku ba ku san duniya ba," haka yake farawa, yana nuni da tsumagiya. "Kowace ƙasa da ƙofarta. Tamu da ta Ingilishi ta ƙarfe ce, baƙa wuluk, tsawonta raƙumi biyu a ɗora wani kan wani. Soja na dama, soja na hagu. Tsuntsu ma in ya zo wucewa sai ya rage gudu. Ba ta buɗewa sai an nuna mata hannuna."

Makiyayan Tagriss su riƙe baki. Fataken da suka taka Katsina fiye da yadda ya taka masallaci su sunkuyar da kai su ce, "Haka yake, ranka ya daɗe." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mai son hawa babbar mota da kayansa dole ya nemi hatimi, mai neman hatimi kuwa ba ya gyara wa mai hatimi zance. Shi dai Makullin Duniya iyakar tafiyarsa Maraɗi, ita ma da ƙuruciya, lokacin da aka kai shi lakkol, makarantar boko, yana kuka.

Ni ban taɓa zaton zan koma gabansa ba, sai da saƙo ya zo daga Jibiya ta ƙasar Ingilishi, inda ɗiyata Hanatu take aure. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya tafiyar zuwa gida. Na fari da ta haifa bai zo da rai ba. Uwar mijinta ta rasu, ba ta da wata babbar mace da za ta tsaya a kanta, balle mai dafa mata ruwan wanka. Na ɗaura gyalena na nufi biro.

"Inna Uwale," in ji shi, "ke da na raya da hannuna, ai ba ki da matsala. Abu uku kawai doka take so. Shaidar haraji, lambar agana a dantse, da hoto."

Haraji na biya. Lamba na nuna wa matar gardi, wato ɗan sandan biro, ta shaida. Saura hoto, mai ɗaukar hoto kuwa ba ya zuwa Dakoro sai bikin Faransawa, farkon damina. Muna tsakiyar ɗari. Na ce masa haihuwa ba za ta kai damina ba.

"Doka ba ta san naƙuda ba," ya ce, ya dubi waɗanda ke tsaye don ya tabbata sun ji. Maganar ta yi masa daɗi har ya maimaita ta da Faransanci. "Ki zauna a benci, zan duba lamarinki."

A bencin nan na tarar da babbar dukiyar Mijinyawa, wato Nasara guda, farar fata, zaune yana jira kamar kowa. Dogon mutum ne, mai idon mage, hannunsa duk kanta. Da masu haƙar rijiyar siminti ya zo, ya daɗe a ƙauyukan Ɗan Gulbi har ya iya Hausa irin ta bakin rijiya. Sunansa mai wuyar faɗi ne, yara suka gyara shi ya koma Arbidu. Aikinsa ya ƙare, yana son ya je Kano ya hau jirgin sama zuwa wata ƙasa mai nisa inda ƙanwarsa take. Amma shi ba Bafaranshe ba ne. Ƙasarsu ana ce mata Letoni, kuma lokacin babban yaƙi wata ƙatuwar maƙwabciya ta haɗiye ta. Fasfonsa na nan da kyansa, ƙasar da ta ba shi ce babu. Kumandan ya ce a tambayi Yamai, ya hau doki ya tafi rangadi, ya bar Arbidu a hannun Makullin Duniya.

Tun da Allah ya halicci Mijinyawa bai taɓa samun irin wannan daula ba. Ya sa aka jawo bencin zuwa inda ƴan kasuwa za su hango. Ya ƙara wa kwat ɗinsa fure na takarda. Da hantsi sai ya fito ya ce da ƙarfi, "Ɗan Letoni, ka ƙara haƙuri," ya koma ciki ya ci gyaɗa.

Ranar kasuwa, da biro ya cika, ya kira shi gaban taswira.

"Nuna mana ƙasar taku."

Arbidu ya miƙa hannu sama, ya ɗora yatsa daidai inda gara ta huda. Yatsan ya taɓa bango.

"To, jama'a, kun gani," in ji Mijinyawa. "Ƙasar da ba ta cikin taswirar gwamnati ba ta cikin duniya. Amma ni mai tausayi ne, ku tambayi Inna Uwale. Ga sharaɗin fita ga mutanen Letoni. Ka koma ƙasarku, sarkinku ya buga maka hatimi cewa kai nasa ne, ka kawo mini, ni kuma in buga nawa."

"Ba sarki," in ji Arbidu. "Kuma ni fita yaya, ba takarda?"

"Wannan kuma ka tambayi sarkinku."

Arbidu ya yi dariya, ya yi ta yi har ya share ido da hularsa. Mijinyawa ya ɗauka fasaharsa ce ta burge Nasara, ya yi murmushi ya gyara fure.

Haka muka yi ta zama, ni a wannan gefen benci da tasbahana, shi a wancan gefen da hularsa a gwiwa. Wata ya tsaya, ya cika, ya fara raguwa. Kullum in lissafa cikin Hanatu a raina. Wata rana Arbidu ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Inna, ke ɗiya ina?"

Na ce Jibiya.

"Ƙafa yana kaiwa?"

Na ce tana kaiwa.

"Ni nawa, ƙafa ba ya kaiwa. Ke me kike jira wajen kifin rijiya?"

Na yi istigfari saboda dariyar da ta kusa kuɓuce mini. Daga nan ban zarce gida ba, sai zangon Buzaye, wajen madugu Intalla, wanda ayarinsa zai sauka kudu da gishiri. Na tambaye shi ko ana bin sa babu takarda. Ya dube ni ta saman rawani ya ce, "Inna, raƙumana ma ba su da hoto."

Ya ɗora ni kan wata tsohuwar taguwa mai haƙuri irin nawa. Muka bi daji, muka bar hanyar mota can gefe. Duk tafiyar nan ina hangen baƙar ƙofa, ina shirya abin da zan ce wa soja na dama da soja na hagu. Ran nan da la'asar na kasa daurewa na ce, "Madugu, yaushe za mu isa ƙofar?"

"Wace ƙofa?"

"Ta iyaka."

"Kin tuna tsamiyar da muka sha fura da hantsi? Mai furar tana ƙasar Ingilishi, akuyarta tana ta Faransi."

Na iske Hanatu da sauran kwanaki. Ta sha wuya, amma Allah ya sauke ta lafiya, namiji, aka sa masa sunan kakansa. Na dafa ruwa safe da yamma, na dama kunun kanwa, har muka yi arba'in. Da zan dawo surukina ya sa ni a babbar mota. Na ce yau dai zan ga ƙofar, tunda wannan ce hanyar hukuma. Na kuwa gan ta. Gora ce guda ɗaya, an gicciya ta a kan gangunan kananzir biyu. Ɗan duwan, wato na kwastan, ya leƙa buhunan ƴan kasuwa, ya dube ni ya ce, "Sannu, Iya," ya ɗaga gorar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da rake.

A Dakoro na tarar bencin babu kowa. Takardar Arbidu ta zo daga can sama, irin wadda ake ba marasa ƙasa, kumandan ya miƙa masa da hannunsa, ya tafi. Mijinyawa kuwa ya shaida wa kasuwa cewa shi ya rubuta wa Faris da kakkausar murya. Ya ƙara da cewa ya taɓa ceton wata bazawara da kofin ruwa, yanzu ga shi ya ceci ƙasa sukutum.

Na zaci zai aiko gardi a kama ni. Sai ga shi da kansa bayan la'asar, ba kwat, ba tabarau, ya yi sallama a zaure da ƙaramar murya. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa a moɗa. Ya yi barka, ya tambayi mai jego, ya yi ta juya makullin wuyansa. Can ya matso.

"Inna, an ce da mota kika dawo."

Na ce da mota.

"To, yaya take?"

"Wa?"

"Ƙofar."

Ni ba na ƙarya, ko don kabarina. Na gaya masa gora, na gaya masa ganguna, har raken ban rage ba. Ya ajiye moɗar. Sannan ya leƙa waje ya ga babu mai wucewa, ya dawo ya durƙusa daf da ni.

"Inna Uwale, don girman Allah, don ruwan nan da na taɓa ba ki, in mutanen Mai Yara suka tambaye ki, ki ce ta ƙarfe ce."