Maganaɗisun Farfesa Ba-Turjiya

Allah Ya yi masana, sannan Ya yi Farfesa Ba-Turjiya, don kada masanan su yi girman kai. Akwai wasu duwatsun kiristal da in aka sanyaya su matuƙa, lantarki ke ratsa su ba turjiya, har maganaɗisu ya tashi ya tsaya a iska a samansu. Masana sun ce yadda ƙwayoyin zarra suka riƙe juna a ciki ne ke sa ilaktaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, tafiya bibbiyu. Farfesa bai musa ba. Ƙarin bayaninsa kawai shi ne, kafin a haife shi ɗai-ɗai suke tafiya.

"Ni na sasanta su," yakan ce, yana shafa tumbi.

Don haka ɗalibansa ma bibbiyu suke wucewa ta gaban ofishinsa. Wanda ya rasa abokin tafiya sai ya tsaya bakin matakala har Allah Ya kawo wani, ko da fitsari ya matse shi. Ofishin kuwa sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Sakatariyarsa da safar hannu take buga takarda. A gida ma, ranar da matarsa ta ce masa hular nan ba ta dace da rigar ba, bai yi faɗa ba, bawan Allah. Ya dai sa aka ƙaro na'urar sanyi biyu, wai sanyi ke kashe turjiya.

Sai jami'a ta gina sabuwar cibiyar bincike, ana neman shugaba. Farfesa ya so kujerar nan kamar ransa, har ya aika an auno faɗinta. Sharaɗi ɗaya ne: kwamiti zai zo ɗakin gwaji ya ga dutsen kiristal ɗinsa na aiki.

Ranar, da hannunsa ya tuttula wa dutsen ruwan naitirojin, mai sanyin da ke ƙona fata. Hayaƙi ya tashi fari fat. Maganaɗisu ya ɗaga, ya tsaya cak a iska, gwanin sha'awa. Wallahi ya tashi! Sai Farfesa ya kifa akwati a kai, sannan ya ce a shigo da baƙi.

"Jama'a na cewa gani ya kori ji," in ji shi. "A ɗakin nan, ji ne ke gaba."

Ya fara daga kakansa. Ya gangaro kan ranar da aka yaye shi, da yadda tun yana rarrafe cokula ke manne masa. Ruwan naitirojin kuwa ba ya jiran kowa, ƙafewa yake. Hayaƙin da ke fitowa ta ƙasan akwati ya sirance, ya ɗauke. Farfesa bai ko gama labarin firamare ba.

Yana cikin labarin aji uku na sakandare, sai aka ji ƙwas a cikin akwati.

"Kun ji?" ya ce. "Dutsen ma ya tafa."

Da ya iso kan digirinsa na uku, ya yaye akwatin da ƙarfi, ya ja baya yana jiran kabbara. Ga dutse ya yi ɗumi. Ga maganaɗisu kwance a kansa shame-shame.

Shugabar kwamiti ta gyara tabarau, ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauki jakarta.

"Sannu da ƙoƙari, Farfesa," ta ce. "Ni ma ina da irinsa a ƙofar firjina. Sai dai nawa ko a tsaye yana riƙewa."