Rasuwar Dasasshen Haƙorin Malamin Tuƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da auduga, Malamin Tuƙi na bayan tasha yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da ɗalibansa da suka gudu cewa haƙorinsa na gaba, wanda likita ya dasa masa, ya riga mu gidan gaskiya bayan doguwar jinya. Jinyar kuwa jama'a ne suka sha ta, shi marigayin ko a jikinsa.

Marigayin ya zo duniya hawa-hawa: saiwar ƙarfe da aka murɗa cikin ƙashi, ɗan wuya da aka ɗaure a kanta, sai farar hula a sama. Ranar da aka dasa shi likita ya ce ƙarfe ba ya ruɓewa, ya kuma ce a riƙa dawowa ana dubawa. Malam ya riƙe maganar farko gam, ta biyun ya bar ta a kan kujerar asibiti.

A yi masa adalci, bai taɓa zogi ba, ruwan sanyi bai taɓa girgiza shi ba. Ya fi duk maƙwabtansa fari, kuma ya san da haka. Saboda shi Malam ya koyi washe baki ko ɗalibi ya hau kan kwalbati.

Ashe munafuki ne. Tsakanin saiwar da wuyan akwai 'yar kafa wadda ido ba ya gani, gashin buroshi ma ba ya shiga. A wurin ƙwayoyin cuta kuwa ƙofa ce a wangale. Suka shige, suka samu ɗumi da duhu da abinci, suka hayayyafa ba mai tashinsu. Duk lokacin da Malam ya tauna abu, mahaɗar ta ɗan motsa, sai ta feso abin da ke ciki. Daga waje fari tas, daga ciki kwata.

Aikin Malam kuma aikin kusa ne: ƙaramar mota, kafaɗa da kafaɗa, ya karkato ya ce a taka birki. Ɗalibai suka fara sauke gilashi ko ana ruwan sama. Wata baiwar Allah ta koyi juya mota tana leƙo da kai ta taga. Malam ya shinshina, ya yanke hukunci cewa ɓera ne ya mutu a motar. Makaniki ya cire kujeru, ya ɗaga darduma, ya rantse bai ga ko gashin ɓera ba, Malam ya ce bai san aikinsa ba. Ya rataya turaren mota har madubi ya sunkuya. Ya zargi safar wani ɗalibi a gaban mutane. A gida uwargida ta koma kwana tana fuskantar bango, wai kafaɗa ke damunta. Kowa ya sani, kowa ya yi kara, makaranta tana ta watsewa.

A lokacin ne marigayin ya fara magana. Da fari ƙis, in an ciji abu mai tauri. Daga baya ƙwas-ƙwas, dadashi ya kumbura yana jini. Malam ya ce ai sabon ƙarfe ne yake zama daidai. Ɗalibi ɗaya ya rage masa, wani tela mai fama da mura. Ranar da mura ta sake shi, shi ma bai dawo ba.

Abin da ya tona asiri takunkumin fuska ne. Malam ya sayo shi don ya kare hancinsa daga ɓeran, ya ɗaura, ya yi numfashi, sai ya tarar ya kulle kansa ɗaki ɗaya da gawar. Ya daɗe zaune a motar, hannu a kan sitiyari, kunya ta hana shi fita. Da ya koma asibiti, likita ya duba ya ce ƙashin da ke riƙe da saiwar ya zaizaye, ba sauran gyara sai cirewa. Kalmar marigayin ta ƙarshe, a cikin tasar ƙarfe, ita ce ƙwal.

Ya rasu ya bar haƙoran asali, waɗanda ya raina saboda sun yi ja, ga su nan daram a wurarensu. Ya bar giɓin da iska ke wucewa. Ya bar makaniki da mai safa suna jiran a ba su haƙuri, da uwargida wadda kafaɗarta ta warke rana ɗaya.

Gawar tana cikin 'yar kwalba, an toshe bakinta da kyau. Za a ɗauke ta gobe da safe a motar makaranta, gilasai a rufe, a binne ta bayan gareji a ramin da aka tanadar wa ɓera. Za a karɓi gaisuwa a ofishin makarantar, inda ake roƙon tsofaffin ɗalibai su dawo su ƙarasa darasinsu. Masu ta'aziyya suna iya matsowa kusa.