Rasuwar Baƙin Sa, Injin da Anka Gasa wa Noti

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Usmanu Mai Inji na Unguwar Lalle, wanda ya riga kowa hango wagga mutuwa tun tana nesa, nake sanar da dangi da abokan arziki na Sabon Birni da Isa da Kamarawa, har da na tsallaken iyaka, rasuwar injin niƙana da kowa ya sani da Baƙin Sa. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki, da gero cikin cikinsa. Shekararsa talatin da ɗaya hannuna. Lokacin da na hango abin, idona guda na ɗaure da bandeji, gudan kuwa ba shi bambance akuya da tunkiya. Masu ido biyu da takardar makaranta su ne ba su ga komi ba.

Ina son a karanta wagga sanarwa da ƙarfi a kasuwa, don labari ya iske ni cewa ana yawo da zancen wai tsufa ya kashe marigayin, kuma wai mai shi ma ya tsufa. Har gidana an zauna ba da ni ba, an yanke cewa in sabon inji ya iso, makullin ɗakin niƙa za shi koma hannun surukina Marwanu, mijin ɗiyata Hafiza, tunda shi ya yi koyon kanikanci a birni an ba shi takarda mai hatimi. Makullin na cikin aljihuna yanzu da nake magana. Ku saurari yadda anka yi, sannan ku faɗi aljihun da ya dace da shi.

Marigayin ta Nijar ya shigo, bisa amalanken shanu, ni na rako shi da ƙafa. Tun ranar da na dasa shi bai taɓa yi mini gardamar tashi ba. Murɗa uku da hannu, sai ya yi tari, kuf, kuf, ya kama: tum-tum-tum-tum. Matan ruga masu kawo geron fura da wagga murya suke sanin na buɗe, ba su bukatar aike. Bai san hutun Sallah ba, bai taɓa raina ƙwaryar talaka ba. Shekarar da mutanen daji sunka tashe mu, kowa ya ɗauki abin da ransa ya fi so. Wani katifa, wani rediyo, wani ya ɗauki agogon bango ya manta da uwarsa. Ni Baƙin Sa na kwance, munka tsallaka tare, wata bakwai yana niƙa wa waɗanda sunka ba mu masauki, munka dawo tare. Fari bai kashe shi ba, bindiga ba ta kashe shi ba. Garwashin mai shayi ya kashe shi.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai san inji ba. Inji mai silinda guda ba shi zama shiru, rawa yake yi tun safe har yamma. Ƙafafunsa huɗu na ɗaure bisa gadon ƙarfe da ƙusa mai zare, kowace da notinta. Noti na banza, komi ɗaurin da ka yi masa, jijjiga za ta riƙa lallashinsa kaɗan-kaɗan har shi kwance kansa shi faɗi. Shi ya sa anka yi noti mai roba. Ƙarfe ne kamar kowane noti, sai dai a bakinsa na sama an dasa zoben roba, galibi shuɗi. Za shi shiga da yatsa zagaye uku ko huɗu, sai shi tsaya cak. Daga nan sai sifana da ƙarfin hannu. Wanga taurin shi ne aikinsa duka: robar ce ke cije zaren ƙusa ta hana noti komawa baya.

Ban zauna aji ko na yini guda ba, amma na san ƙusar Baƙin Sa milimita goma sha biyu ce, sifana sha tara ke kama notinta. Attahiru ɗan kasuwa, mai kawo mini kaya daga tsallake, ya taɓa zo mini da noti na awon inci, yac ce ai duk ɗaya ne tunda sun shiga. Na gwada masa a gabansa yadda suke shiga da karkace suna cin zare, ya koma da abinsa. Tun ran nan in zai sayo sai ya tafi da tsohuwar ƙusa cikin aljihu, ya gwada, ya duba lamba takwas, alamar ƙarfi, da anka buga jikin notin. Na san sai ƙusa ta leƙo saman robar da zare biyu kafin a ce an ɗaure. Na san ba a sa shi kusa da salansa, don zafi narka robar yake. Na san kuma in an kwance shi an mayar har ya fara shiga da yatsa kawai, ya gama aiki, sai a ba yara su yi wasa. Na ƙafafun marigayin sun kai wanga hali, don haka na sa Attahiru ya kawo sababbi huɗu, masu kyau, robar na ƙyalli.

Kafin in ɗaura su ranar aikin idona ta zo. Anka cire mini yana, likita yac ce kada in kusanci ƙurar gari har kwana arba'in. Na miƙa makulli da noti huɗu ta hannun mai ɗakina Inno, nic ce a ba mijin Hafiza shi ɗaura. Aikin da ɗan akuya zai iya in an ba shi sifana.

Abin da ya biyo baya daga bakin mai shayin bakin tasha na ji shi, ranar da ya zo mini ta'aziyya yana sunkuyar da kai. Marwanu ya sa notin, ya ji ya tsaya bayan zagaye uku. Ya leƙa ciki ya ga shuɗin abu. Ilimi ya motsa. Ya kwashi huɗun ya nufi teburin shayi yac ce, "Dubi aikin kamfanin zamani, sun bar datti cikin noti. Matsa mini butarka." Ya jera su bisa garwashi. Mai shayi yac ce, "Injiniya, wanga gyara ne ko tsire? In kawo yaji?" Anka yi dariya, robar ta narke ta ɗiga, wari ya kori masu shan shayi biyu. Injiniya ya bari sunka huce, ya koma ya murɗa su da yatsa biyu har ƙasa, sumul, ya ɗan taɓa da sifana. Har ya gaya wa jama'a cewa tsofaffi wahalar da kansu suke yi don rashin sanin dabara.

Jinyar marigayin kwana goma sha tara ce. Ina kwance zaure, ɗakin niƙa na bayan katanga. Kwana na shida na ji tum-tum ɗinsa ya samu ɗan rakiya: tum-tum-kas, tum-tum-kas. Nic ce wa Inno, "Ƙafar gaba ta hagu ta saki. Je ki ce a kashe inji a duba noti." Inno ta riƙe baki tac ce, "Haba Maigida, suruki ne fa. Ni in tsaya gabansa in ce ya yi kuskure? Da wane ido?" Kun san al'adarmu. Ba ni zama inda yake, ba shi ɗaga kai inda nake, in munka haɗu a hanya ɗayanmu sai ya tuna yana da uzuri wata unguwa. Sai Inno ta kira Hafiza tac ce mata Babanki na jin kamar ƙarar injin ta ɗan canza, in mijinki ya samu sarari. Hafiza kuwa ba ta son a ce gidansu na raina mijinta. Ta kai masa tuwo tac ce, "Baba na gaishe ka da aiki, yac ce har zaure yana jin ƙoƙarinka." Marwanu ya aiko mini da goro.

Kwana na sha biyu muryar ta koma gar-gar-kas-kas, ƙasa na motsi har ruwan randa na rawa. Na sake aikawa, wanga karo da rantsuwa. Rantsuwar ta faɗi a hanya tsakanin Inno da Hafiza. Abin da ya isa ga Injiniya shi ne wai in ba damuwa a ɗan rage ƙara. Sai ya samo tsohuwar robar cikin tayar keke, ya yanka, ya nannaɗe ƙafafun injin da ita tamau. Ku duba hikima. Robar da anka auna anka dasa don wanga aiki ya ƙone ta, ya ɗauko ta keke. Da na yi magana a gida, 'ya'yana sunka ce, "Baba, kunnenka ne, tun da anka taɓa idon komi ƙara yake maka."

Ranar Talata na ji abin da ban iya haƙuri da shi: ƙwal, ƙwal, ƙarfe na dukan ƙarfe. Na tashi da bandejina da sandata, na aje likita da al'ada wuri guda, na zagaya. Mata sun fi goma a layi da ƙorai. Nic ce su fita, sunka fita, don sun san muryata. Marwanu na ganina ya tuɓe takalmi ya durƙusa, "Baba ina kwana, Baba ya ƙarfin ido, Baba ya gida." Ina nuna masa inji da sanda, shi yana kallon ƙasa yana ƙara gaisuwa. Da kunya ta ci ƙarfinsa sai ya sulale ta ƙofar baya, don kada a ce ya tsaya ɗaki ɗaya da surukinsa. Ladabi ya cika. Inji na nan yana gudu.

Na lallaba zan kai hannu ga makashin inji, taku biyu ya rage. Baƙin Sa ya yi tsalle. Bel ya tsinke ya ɗauke mini hula, babban gargaren ƙarfe ya wuce gwiwata da faɗin tafin hannu ya fasa bango. Marigayin ya kife ta gefen hagu, gefen da na faɗa tun kwana na shida. Cikinsa ya tsage, baƙin mai ya malale cikin garin mutane. Ya yi fuuu sau ɗaya, shi ke nan. Da ƙura ta lafa anka same ni tsaye, fari fat, ban ko zauna ba. Da hannuna na lalubo noti huɗun cikin gari, baƙaƙe, bakinsu wayam. Suna nan na ɗaure a ƙyalle, makullin kuwa na zaro shi jikin ƙofa na maida aljihuna.

Ya rasu ya bar mazurarin zuba hatsi, wanda ya lotse amma yana numfashi, da fayafayan niƙa biyu, da hannun tayarwa da ya zama maraya, da duron ruwa da bai san abin da ya faru ba har yanzu. Ya bar matan unguwa uku, waɗanda sunka koma ga turmi ko ɗora buhu bisa babur zuwa Sabon Birni. Ya bar Inno, wadda ta ce ita dai ta isar da saƙo. Ya bar Injiniya da takardarsa, lafiya lau, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

Liman ya ja mini kunne cewa ƙarfe ba a yi masa salla ko likkafani, na kuma bi. Za a wanke shi da kananzir ranar Alhamis. Ana karɓar gaisuwa a zaurena, ban da masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda sunka fara zagaye gidan da sikeli tun bai huce ba. Za a aje shi ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida ranar Asabar da hantsi.

Daga nan kada kowa ya watse. Attahiru ya ba da aron injinsa na ban ruwa, mai jijjigar da ke zubar da haƙori. Za a rataya fayafayan marigayin biyu jikin gadonsa, tsayin gwiwa daga ƙasa, guda da sabon noti mai roba, guda da gasasshen Injiniya, shi da kansa za shi ɗaure nasa yadda ya ɗaure na farko. A tada inji a bar shi har kiran azahar. Na ɗage kunyar surukuta na wanga lokaci, a gaya wa Injiniya haka ba ta bakin Hafiza ba. Za ni sa ƙafata ƙarƙashin mai roba. In notina ya juya ko da faɗin ƙwayar gero, a gaban kowa za ni miƙa makulli. Wanda duk ke cewa tsufa ne, da mai takarda da mai goyon bayansa, ga ɗayan faifan nan, shi kawo tasa ƙafa.