Tantabaruna da Murar Tsuntsaye

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da shekarar da murar tsuntsaye ta shigo ƙauyenmu, can gefen Bakura.

Malamin dabbobi ya zo daga Talata Mafara don a tattara duk mai fuka-fuki a yanka a binne. Tun da ya sauka na manne masa, don ni ne ɗan boko a tsaranmu (aji huɗu na yi a firamare, amma tafiyata ta mai digiri ce). Shi ya nuna mini sunan cutar da Turanci, "avian flu". Ya ce farkon kalmar, "avi", daga Latin aka aro shi, daga "avis", wato tsuntsu, kuma ko sunan harkar jiragen sama daga nan ya fito. Na haddace tsaf.

Abin da bai sani ba, tun da na ji labarin zuwansa na zuba tantabaruna a kwando, na ɗaura a babur, na kai wa ƙanena a Janbako.

Aka taru a ƙofar gidana. Inna Ige, tsohuwar maƙwabciyata, wadda da ƙwan zabbinta take ci da kanta, ta dube ni ta ce, "Malam, ai ciwon kaji na. Mi ya kawo zabbi ciki?"

Na gyara hula. Na ce, "Inna, avis! Latin ke nan, harshen mutanen da. Tsuntsu duka, ba kaza kaɗai ba. Duk wanda ya ɓoye ko ɗaya ya ci amanar gari."

Ta shiga gida ta fito da zabbinta a ɗaure, tana share ido da bakin zane.

Ana cikin saka su a buhu sai muka ji karkaɗar fuka-fukai a sama. Ashe ƙanena ya buɗe wa tantabarun su sha ruwa, su kuwa suka kamo hanya. Suka sauka a jere bisa zaurena, kowa ya san na wane ne.

Inna Ige ta daɗe tana kallon su. Sannan ta ce, "Malam, waɗanga hwa? Su ba su jin Latin?"

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta rasu ban roƙi gafararta ba. Danga ɗaya ce tsakaninmu, kunya ta hana ni tsallakawa.

Yanzu kafin in miƙe in yi wa jama'a nasiha, nakan tambayi kaina ko abin da na ɓoye ya san hanyar gida. Galibi ya sani, sai in koma in zauna.