Jirgin Kakin Zuma

Shekara uku bayan 'yancin kai na ƙera ɗan jirgin yaƙi mai fukafukai hawa biyu, irin waɗanda mahaifin Mariyama ya yi gadinsu a sojan Faransa. Na tabbata yana gani zai ba ni aurenta. Da kakin zuman maƙeran azurfa na manna shi, na ratsa Agadas da shi cikin zafin azahar zuwa gidansu.

Tsohon ya karɓa yana dubawa. Mariyama na leƙe ta ƙofa. Fiffiken sama ya sunkuya a hankali, ya zube kan rigarsa ta Juma'a.

Ya ce, "Ɗana, namu sai an harbo su suke faɗowa."

Ya dai ba ni ita. Amma har yau rana na ɗagawa take cewa, "Kumandan, shigo inuwa kar ka narke."