Malam Na-Sani da Koren Kwanon Inna

"Ni fa gilashi magana yake yi mini," in ji mijin ƙanwata, yana kaɗa ƙafa a kujerar Inna kamar shi ya saya. "In na ɗan ƙwanƙwasa shi da farce, sai ya gaya mini ƙasarsu da sunan maƙerinsa, har da ko maƙerin yana fama da mura a ranar."

In ba ka san surukin nan namu ba, ɗan'uwa, ka gode wa Allah. Malam Na-Sani muke ce masa. Gyaran fanka ne sana'arsa, amma tunda ya kalli bidiyo uku a waya kan tsofaffin kayan gilashi, muka shiga uku. Ko kwalbar maganin tari ya gani sai ya ɗaga ta saitin rana, ya kanne ido ɗaya, ya yi gyaran murya.

Abin da ya jawo cika bakin wani koren kwanon gilashi ne mai murfi, wanda Inna ta gada wurin mahaifiyarta. Shekara arba'in yana saman kabad, ba mai taɓa shi sai ita. Burinta ɗaya kafin ta bar wa jikoki: ta san wa ya yi shi, daga ina ya fito.

"Ba ni minti biyu, Inna," in ji Na-Sani.

Inna ta janye kwanon zuwa cinyarta. "Akwai wani dattijo mai kantin tsofaffin kaya a bayan tasha. Shi za a kai wa."

"To zan raka ku, kada ya yi muku wayo. Irin waɗannan sai mu."

Washegari da hantsi muka jera, ni da Inna da ƙanwata, da gogan naka a gaba, ya rungume kwandon da aka naɗe kwanon a ciki kamar mai kai jariri asibiti.

Kantin ɗan tsukuku ne, kantoci har rufi, a kaikaice ake tafiya kada gwiwar hannu ta jawo wa mutum masifa. Masu saye kusan biyar na ciki. Dattijon yana zaune bayan tebur, tabarau a kan hanci. Na-Sani ya miƙa masa hannu ya ce, "Sannu, abokin sana'a."

Ni kuwa bakina ba ya zama lafiya. Na ce, "Baba, wannan da kake gani, da kunne yake gane gilashi."

"Ikon Allah," in ji dattijon. Ya turo masa wani tambulan da ke gefensa. "Taimaka mini da wannan."

Na-Sani ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne, ya lumshe ido. Ya shinshina. Har ɗan lasa ya yi.

"Wannan ta jirgin ruwa ya zo. Ƙasar sanyi. Shekara ɗari da ashirin, ko da ɗaya. Gidan manya ya zauna."

"Makon jiya aka ba ni shi kyauta da na sayi garin sabulu. Da shi nake shan magani."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Dattijon ya sauko da wata shuɗiyar buta daga kanta. Gogan ko taɓawa bai yi ba, ya taɓe baki.

"Jabu ce. Dubi ƙurajen iska a jikinta, kamar mai ƙyanda. Aikin 'yan koyo."

"Da baki aka hura ta, ɗana. Ƙurajen nan su ne shaidarta. Ta girmi kakanka."

Wata mai saye ta juya wa bango fuska, kafaɗunta na rawa. Ƙanwata ta shiga ƙirga tayil ɗin ƙasa. Inna kuwa ta ja kujera ta fara ba dattijon labarin mahaifiyarta, kuma in Inna ta hau wannan hanya ba birki. Ba wanda ya lura Na-Sani ya sulale da kwandon zuwa wurin famfo a bayan kanti. Ni dai na ji wani ƙurus-ƙurus, na ɗauka ɓera ne.

Can sai ga shi, hannun riga sharkaf, gumi har haɓa, kwano a sama yana ƙyalli.

"Kayan surukata ba za su zo gaban jama'a da dauɗa ba," ya ce, ya dire shi a tebur. "Yanzu a yi magana ta ilimi."

Dattijon ya kife kwanon. Ya duba gindinsa. Ya goge tabarau, ya sake dubawa.

"Baiwar Allah, babu wata 'yar takarda a manne a nan?"

"Akwai," in ji Inna. "Da wani ɗan zane mai ruwan gwal a gefenta. Shekara arba'in ina wanke shi ina kauce musu. Haka mahaifiyata ta koya mini."

"Au, wannan tsatsar?" Na-Sani ya yi dariya yana duban jama'a. "Ta ba ni wuya kam. Sai da na haɗa da soson ƙarfe."

"Gilashi yana tsatsa?" in ji matar nan daga jikin bango.

Dattijon ya ajiye kwanon a hankali. "Takardar ita ce sunan masana'anta. Zanen kuma tambarin maƙerin ne. Masu yin irin wannan kore sun fi ashirin, da su kaɗai ake rabewa. Ka dai karanta kafin ka kankare?"

Na-Sani ya dubi rufi. "Akwai dai wani abu kamar tsuntsu. Ko kifi. Ko tabon shayi."

Inna ta miƙe, ta naɗe kwanonta a tawul, ninki bayan ninki, ba ta ko kalli inda yake ba. Sai ta juya wurin ƙanwata.

"Ke, ki ce wa mijinki an gode. Mun fito neman uban kwano, ya mayar mana da shi maraya."